Takardu Biyu a Ƙofar Gidan Rashkov

Tun ranar Alhamis, sha shida ga Oktoba, takardu biyu ne manne a ƙofar gidan Rashkov da ke layin bayan coci a garin Yasenets, kuma fuskar mutum ɗaya ce a jikinsu. Ta hagu takardar rasuwa ce, tana gayyatar jama'a addu'ar arba'in ta Stamen Rashkov, mai shekara hamsin da tara. Ta dama ta cigiya ce, tana roƙon duk wanda ya ga Stamen Rashkov ya buga lambar da ke ƙasa. Mace ɗaya ce ta tsara su duka biyun, a kwamfuta ɗaya: matarsa, Nevena.

Stamen ya fita kamun kifi a kogin Danube da asubahin Talata, tara ga Satumba. Da hantsi wasu masunta suka tarar da kwale-kwalensa ya maƙale a ciyawar bakin ruwa, kilomita huɗu ƙasa da gari. Injin a kashe yake, ragar a naɗe, takalmin robarsa ƙafa ɗaya a ciki. Masu nutso sun yi kwana uku suna nema. 'Yan sandan Romaniya da ke ƙetaren kogin su ma sun duba nasu gefen. Ba a samu komai ba.

Nevena tana da shekara hamsin da huɗu, sha tara daga ciki ta yi su ne a shagon buga takardu na Kawu Mincho, kusa da kasuwa. Shagon yana buga katin biki da takardun makaranta, amma takardun rasuwa ne ke riƙe da shi. A garin nan babu wanda zai mutu bai bi ta hannun Nevena ba, kuma sai ya dawo mata ranar arba'in, da wata shida, da shekara, har sai masu tunawa da shi sun ƙare. Tana da wani shuɗin fayil mai gajerun kalamai sittin da biyu, kowanne da lambarsa. Masu makoki sukan zauna a kujerar gefen tebur su zaɓa. Fiye da rabi ita ta rubuta su. Ta san wanda iyaye mata ke ɗauka, ta san wanda ke sa namiji ya juya baya yana laluben hankici. Ta kuma lura cewa matan da ba su ji daɗin aure ba su ne ke zaɓar mafi tsawo.

Washegarin ɓatan Stamen ta zo aiki ƙarfe takwas kamar kullum. Kawu Mincho ya ce ta koma gida. Ta ce tana da aiki. Ta kunna kwamfuta, ta sa hoton Stamen na katin shaida, ta rubuta sunansa, da ranar da ya fita, da kayan da ke jikinsa, da lambar wayarta. Cikin minti ashirin ta gama. Suka buga guda sittin, Kawu Mincho ya ɗauke ta a tsohuwar motarsa, suka bi ƙauyukan bakin kogi har la'asar suna mannawa a inda ake manna takardu: allon ƙofar coci, bishiyar tashar bas, falwayar bakin kasuwa.

Tana da dalilin yin cigiya. A sanyin bara sau biyu ana samun Stamen tsaye a gaban tsohuwar makarantar firamare, ya manta hanyar gida. Likita ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya daina shiga ruwa shi kaɗai. Stamen ya sha ƙwayoyin, bai daina shiga ruwan ba.

Uwarsa, Todora, tsohuwa ce mai shekara tamanin da huɗu, tana zaune a ɗakin ƙasa na gidan. Da Nevena ta dawo ran nan ta same ta a bakin murhu da ɗaya daga cikin takardun a cinya.

“Kin fitar masa da fuska,” in ji Todora. “Ke da kike wannan aikin, ke ce za a koya wa? Ana sa hoton mamaci kafin arba'in?”

“Mama, cigiya ce. Ba rasuwa ba ce.”

“Cigiya. Kogin nan ya ci mijin ƙanwata, ya ci ɗan maƙwabcinmu da dokinsa. Wanne ne ya dawo ya ce sannunku da gida?”

“Ba a ga gawa ba.”

“Ni na haife shi. Ba sai na ga gawa ba.”

Daga kwana na uku Todora ta sa baƙaƙen kaya, ta rufe madubin gidan da ƙyalle, kullum da safe tana ajiye burodi da kofin ruwa a taga saboda kurwar ɗanta da ke zagaye wuraren da ya sani. Tana ƙirga kwanakin a kalandar bango da fensir. Abu ɗaya take nema: ranar arba'in, ranar da kurwa ke barin duniya, a yi masa addu'a, a manna takardarsa a ƙofa, don ya san an sallame shi. Nevena ta ce ba za ta buga ba.

Ita Nevena ba ta sa baƙi ba, ba ta kuma yi kuka ba. Tana cin abinci, tana barci, tana zuwa aiki. A cikin watan ta tsara takardun mutum goma sha ɗaya ba tare da kuskure ko ɗaya ba. Mata a kasuwa sun yi maganar, wasu suka ce taurin zuciya ne, wasu suka ce abin bai iso ta ba tukuna. Wayarta tana aljihun rigarta, da caji, da ƙara a buɗe. Kwana talatin babu wanda ya buga a kan Stamen, ko mashayi, ko mai wasa.

Ranar Alhamis, tara ga Oktoba, Hilary ta shigo shagon. 'Yar Ingila ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, shekara shida da suka wuce ta sayi gidan marigayi mai gyaran takalmi, tana zaune a ciki da kyanwoyi bakwai. Tana jin yarenmu daidai gwargwado, amma rubutunmu har yanzu sai ta bi shi harafi-harafi da yatsa. Ta kawo hotuna ne a wanke mata, za ta aika wa ƙanwarta.

Nevena ta buɗe su a kwamfuta tana wucewa ɗaya bayan ɗaya. Kyanwa, kabewa, wata kyanwar, gadar katako. Sai falwayar tashar bas ta ƙauyen Dolni Brod. Takardu bakwai ne a jikinta, wasu sun yi fari fat, wasu sun yage. Ta Stamen tana tsakiya. Ruwan sama ya wanke rabin fuskar, ido ɗaya ya rage da kunne. Wani ya soka jan furen roba a bayan takardar.

Hilary ta leƙo ta kafaɗar Nevena, ta gane hoton, wuyanta ya yi ja. Ta faɗi wata kalma da Turanci a hankali, kamar ga kanta.

“Me ta ce?” in ji Kawu Mincho daga bayan injin buga takardu. Shekararsa saba'in da ɗaya, kunnensa ba ya jin komai sai abin da ba a so ya ji. “Madam, in zagi ne ki maimaita, ina tarawa.”

“Ba zagi ba ne,” in ji Hilary. “Ban san yadda kuke cewa ba. Yi haƙuri, Nevena. Bai kamata in kawo wannan ba.”

“Rubuta min,” in ji Kawu Mincho.

Ta rubuta a bayan wani katin biki da ya lalace: poignant. Kawu Mincho ya hau kujera, ya zaro wani ƙamus da ke tokare da fanka tun zamanin gwamnatin da ta shuɗe, ya hure ƙurar, ya sa tabarau biyu.

“Ga shi. ‘Mai tsini. Mai soki. Baƙin cikin da ke taɓa zuciya.’” Ya rufe littafin. “To ai sana'armu ce, Madam. Shekara arba'in ina sayar da shi ban san yana da suna a Ingila ba. Nevena, lamba nawa ke nan a fayil ɗinki?”

“Kawu, sauko kafin mu buga taka.”

“Tawa na riga na zaɓa. Talatin da ɗaya. Ita ce mafi gajarta, kada in gajiyar da ku.”

Hilary ba ta yi dariya ba. Ta ce ƙamus ɗin bai yi ƙarya ba, amma bai gama ba. Tana magana tana neman kalmomi da hannu. “Ba babban baƙin ciki ba ne. Ba yaƙi ba, ba ihu ba. Ƙaramin abu ne. A asibiti, mutum ya rasu, na zo kwashe kaya, sai na ga ya bar rabin lemo, ya rufe da tissue don anjima. Wannan. Ka gani, ya shige ka nan, sai ka ci gaba da aiki.”

“Da daɗi ko babu daɗi?” in ji Nevena. Idonta yana kan hoton.

Hilary ta ce, “Da ciwo. Amma mutum ba ya son ya kau da kai.”

“Shi ya sa kika ɗauka.”

“E.”

“Matar mutumin mai lemon fa? Ita ma haka za ta ce?”

“A'a,” in ji Hilary. “Ba na jin za ta ce haka. Mai kallo ne ke cewa. Wanda abin ya sama, wani abu dabam yake cewa. Ko ya yi shiru.”

Nevena ta gyaɗa kai kamar an gaya mata girman takarda. Ta tambaya ko kwafi nawa za a wanke.

“Kada ki wanke wannan,” in ji Hilary. Ta dafa gefen tebur. “Ban zo gaisuwa ba, na ji kunya. Ban san an same shi ba sai da na ga takardar.”

“Ba a same shi ba.”

“Amma takardar rasuwa...”

“Cigiya ce.”

“Madam ba ta iya karatunmu ba, 'yata,” in ji Kawu Mincho. “Kada ki ɗauka da zafi.”

“Wanda ya sa furen fa?” in ji Nevena. “Shi ma daga Ingila ya zo?”

Nevena ta ƙara girman hoton har ya cika fuskar kwamfutar, ta dubi aikinta kamar na wani. Baƙin layi ya zagaye takardar, mai kauri, irin na kullum. Hoton yana sama a tsakiya, baƙi da fari. Sunan yana ƙarƙashinsa da manyan haruffan nan masu lanƙwasa. Sauran bayanin ƙanana ne, a daidai inda kalaman fayil ke zama. Gicciye ne kawai babu. A cikin takardu bakwai da ke jikin falwayar, tata ce ta fi kama da ta mamaci, domin ta fi su tsari.

Mu nan ba ma karanta waɗannan takardu. Mukan dubi fuska, mu dubi suna, mu ce Allah ya gafarta masa, mu wuce.

“Ni ma na gani ban gani ba,” in ji Kawu Mincho. “Ni na riƙe miki gam.”

“Akwai takarda ruwan ɗorawa a sito?”

“Akwai ta tallan gidan rawa da ba su zo karɓa ba.”

“Kawo.”

Ta sake tsarawa. Babu baƙin layi. Ta sa hoton da aka ɗauke shi a bikin 'yar maƙwabta, da hula, bakinsa a buɗe yana magana. A sama ta rubuta ANA CIGIYA da jan rubutu mai faɗin tafin hannu. Kawu Mincho ya ce abin ya yi muni kamar tallan maganin ɓera. Ta ce haka take so.

Ranar Asabar, kwana na talatin da uku, ta hau bas ita kaɗai da jaka da gwangwanin gam. Tana sauka a kowane ƙauye, ta ɓamɓare tsohuwar, ta manna sabuwar, ta jira bas na gaba. Ta isa Dolni Brod, kilomita tara ƙasa da Yasenets, wajen ƙarfe ɗaya. Tana cikin kankare falwayar da wuƙa sai wata mata ta fito daga rumfar sayar da kofi da ke gefen tashar, da tsumma a hannu.

“Ke! Baiwar Allah! Ana yage takardar mamaci a garinku?”

“Mijina ne.”

“To ai shi ne ma abin ya fi muni. Ki bar shi ya huta mana.”

Nevena ta miƙa mata sabuwar. Matar, sunanta Ganka, 'yar kimanin shekara sittin, ta nisanta takardar da idonta, ta koma rumfa ta ɗauko tabarau, ta karanta tun daga sama har lambar waya. Sai ta zauna a kan akwatin lemo.

“Yaushe ya ɓata?”

“Tara ga Satumba. Talata.”

“Ba arba'in ɗinsa ba ce waccan?”

“A'a.”

Ganka ta yi alamar gicciye sau uku. “'Yar'uwa, ni na sa furen nan. Zauna. A'a, zauna.”

Nevena ba ta zauna ba. Abin da Ganka ta faɗa, wanda ta maimaita wa 'yan sanda ranar Litinin ba tare da ta sauya komai ba, shi ne wannan. Wata Talata a farkon Satumba, wajen ƙarfe biyu na rana, wani mutum ya zo rumfarta ta hanyar da ke hawowa daga kogi. Wandonsa a jiƙe yake, da laka har gwiwa. Ƙafa ɗaya da takalmin roba, ɗaya da safa kawai. Ya roƙi ruwa, ta ba shi, ya sha, ya yi godiya da ladabi. Ya tambaye ta wace bas ce ke zuwa gida. Ta ce gida ina? Ya dube ta yana murmushi kawai. Bas ɗin birni ta biyu da minti ashirin ta iso, mutane suka taru a rumfar, ta juya tana zuba kofi. Da bas ta tashi, ba ya nan.

“Ranar Alhamis na zo buɗe rumfa, sai ga fuskarsa a falwaya,” in ji Ganka. “Da hoto. Na ce hoto, ashe ya yi arba'in. Na ƙirga da yatsu, na ce wayyo ni, mutumin da na ba ruwa shekaranjiya kwanansa talatin da takwas a ƙasa. Kurwarsa ce ke zagaye ta biyo ta rumfata. Shi ya sa yake tambayar hanyar gida. Kofin ma ban sake ba kowa ba, yana can na kife shi.”

“Ba ki karanta ba.”

“Wa zai tsaya karatu? Na soka fure na ja da baya, na kunna masa kyandir. Yayata kaɗai na gaya wa, ta ce in yi shiru kada a ce na fara taɓuwa.”

“Kin ga ya hau bas ɗin?”

“Ban gani ba.”

“Kin ga ya koma ta hanyar kogi?”

“Ban gani ba, 'yar'uwa. Da na gani da na faɗa. Ki mare ni in kina so, wallahi ba zan rama ba.”

Nevena ta tambaye ta wace ƙafa ce babu takalmi. Ganka ta rufe ido, ta ce ta hagu. Na hagu ne aka samu a kwale-kwalen. Nevena ta rubuta sunan matar da lambarta a bayan wata takarda, ta gama manna sabuwar, ta shafe gam ɗin da ya zubo da gefen hannu. Ganka ta kawo mata kofi, ta shanye. Akwai sauran ƙauyuka huɗu, ta yi su duka kafin ta koma.

Da yamma ta gaya wa Todora a kicin. Tsohuwar tana tsince alkamar da za a dafa ranar addu'a, ba ta ɗaga kai ba sai da Nevena ta kai ƙarshe.

“Matar nan ta fi ki hankali,” in ji Todora. “Kurwarsa ta gani. Ranar farko ce, bai san ya mutu ba.”

“Kurwa ba ta tambayar bas, Mama.”

“Ta Stamen za ta tambaya. Da ransa ma yaushe ya taɓa sanin inda za shi?”

“Ya sha ruwa. Ta ga maƙogwaronsa yana motsi.”

“To ya sha. Sai ya tafi ina? Kwana talatin da uku da safa ɗaya, babu ƙwayoyinsa, babu wanda ya gan shi a duk ƙasar nan?”

“Babu wanda ya neme shi. Na gaya wa kowa ya mutu.”

Todora ta ture tiren gefe. Ta dubi surukarta. “Zo nan, 'yar nan. Saurara. In ya mutu ba mu sallame shi ba, zai tsaya a hanya, ba nan ba, ba can ba, yana tambayar mutane bas har abada. Wannan ba zan iya kwanciya da shi ba. In kuwa yana da rai, sai ya dawo ya ga takardarsa a ƙofa, ya yage ta da hannunsa, ya zage mu ni da ke, unguwa ta ji. Ni ina so in ji wannan zagin. Ke ba kya so?”

“Ba a buga wa mai rai takarda.”

“Ke kika fara.”

Todora ta sake jawo tiren alkamar gabanta.

“In ba za ki yi ba, ranar Laraba zan hau bas in je birni, a buga min a wurin yaran nan masu ɗan kunne. Su sa masa hoton tattabara, su rubuta sunan ubansa ba daidai ba.”

“Ba za ki iya hawa bas ba.”

“Sai a ɗauke ni. Sai a ce ga uwar mijin mai buga takardu.”

Ranar Litinin 'yan sanda suka ɗauki bayanin Ganka, suka ce za su nemi direban bas ɗin, su kuma tambayi asibitoci da gidajen tsofaffi na birni. Ranar Laraba da safe Nevena ta tarar da Todora zaune a bakin gado, sanye da kot da takalmin zuwa coci, jaka a cinya. Ta ce mata ta cire takalmin.

A shago ta buɗe shuɗin fayil ɗin, ta karanta kalaman tun daga ɗaya har sittin da biyu, abin da ba ta taɓa yi a zama ɗaya ba. Ta san inda kowanne ke kama mutum. Ta karanta su kamar jadawalin bas. Kawu Mincho ya ce sha huɗu ce ake sa wa masunta. Ta ce ta sani, ita ta rubuta ta. Ta rufe fayil ɗin.

Ta sa baƙin layi, ta sa gicciye, ta sa hoton katin shaida. Ta rubuta shekarar haihuwa, ta bar gurbin ɗaya shekarar babu komai. A inda kalamai ke zama ta rubuta abin da ya faɗa a bakin ƙofa da asubahin Talatar: “Ya ce a ajiye masa miyar wake, zai dawo kafin rana ta take.”

Kawu Mincho ya ɗauki ta farko da ta fito daga inji, ya karanta, ya cire tabarau, ya shiga sito. Ya daɗe. Da ya fito hancinsa ya yi ja.

“Ƙurar sito,” in ji shi. “Shekara sha tara kina rubutu, ba ki taɓa yin kamar wannan ba. Abin Madam ɗin nan ne, mai tsinin.”

“Ba rubutu ba ne, Kawu. Abin da ya ce ke nan.”

“Ke ba ki ji komai ba?”

Ta duba takardar ta ga ko tawada ta bushe. “Layin ƙasa ya ɗan karkace,” in ji ta.

Guda biyu kawai ta buga, ɗaya ta ƙofar gida, ɗaya ta allon coci. Ta ce ba za a kai ko ɗaya ƙauyukan bakin kogi ba, Todora ta yarda. Ranar Alhamis Nevena ta manna ta ƙofar da hannunta, sannan ta manna mai ruwan ɗorawa a gefenta. Todora ta fito da sanda, ta dube su, ta ce ta daman ta yi muni, ta koma ciki.

Ranar Asabar, ranar arba'in, mutum kusan hamsin suka zo. Limamin coci ya ce ba zai iya karanta addu'ar mamaci ba tunda babu gawa, babu takardar hukuma. Todora ta ce ta san shi tun yana yawo ba wando, ya karanta abin da ya samu. Ya karanta wata gajeriyar addu'a wadda ba ta ambaci mutuwa ba, ba ta ambaci dawowa ba. Aka raba dafaffiyar alkama da sukari a ƙofar coci, kowa ya karɓa ya ce Allah ya gafarta masa, wasu suka faɗa ƙasa-ƙasa suna satar kallon Nevena. Mata da yawa sun tsaya a gaban allon sun karanta takardar har ƙarshe, sun yi kuka. Hilary ta zo da baƙin gyale, ba ta zo da kyamara ba.

A cikin coci Todora ta kunna kyandir ta durƙusa da ƙyar ta kafa shi a tiren yashi na ƙasa, inda ake sa na matattu. Nevena ta sayi nata, ta tsaya tsakanin tiren ƙasa da alkukin sama na masu rai. Mai sayar da kyandir ta ce tana tare hanya. Ta sa shi a aljihun kot, ta fita ta taya raba alkama.

Asibitoci uku da gidajen tsofaffi biyu na birni sun amsa cewa ba su karɓi mutum mai wannan kama ba. Direban da ya ja bas ɗin biyu da minti ashirin ranar tara ga Satumba ya bar aiki a ƙarshen watan, ya tafi Spain tuƙin babbar mota. 'Yan sanda sun karɓi lambarsa a wurin tsohuwar matarsa. Zuwa safiyar Litinin sun buga sau huɗu, ba a ɗauka ba.